Injin 428 Cobra Jet a Tseren Ajin Stock: Neman Ƙarfi Inda Doka Ta Ɗaure Hannun Makanike

A farkon shekarar 1968 mujallar Hot Rod ta Amurka ta gwada wata Mustang mai sabon injin 428 Cobra Jet a miƙaƙƙiyar hanyar tsere mai tsawon rubu'in mil, wato mita 402. Motar ta cinye wannan tazara cikin daƙiƙa 13.56, tana gudun mil 106 da ɗoriya a awa lokacin da ta tsallake layi. A wancan zamani, abin mamaki ne ga motar da kowa zai iya shiga wajen dillali ya saya. Yau kuwa akwai motoci masu wannan inji da ke ɗaga tayoyin gaba sama su gama tseren cikin daƙiƙa 10 da 'yan kai, alhali dokar tseren ajin Stock ta hana a sassaƙe hanyoyin iskarsu, ta hana a sa musu babban kafireto, ta hana bawul ya buɗe fiye da yadda kamfanin Ford ya tsara tun farko.

Daƙiƙa uku a irin wannan tsere ba ƙaramar tazara ba ce. Tayoyi da giya da gyaran ƙafafun mota sun ba da nasu kason, amma babban kaso daga cikin injin ya fito. Yadda ake tatso wannan ƙarfi daga ƙarfen da ya haura shekara hamsin, ba tare da an taka doka ba, shi ne abin da za mu duba.

Asalin injin

A shekarar 1967 babban injin da Ford ke sa wa Mustang shi ne 390, mai ƙarfin doki 320 a takarda. A titi kuwa motocin Chevrolet masu injin 396 suna barin sa a baya, kuma masu saye sun lura. Wani babban dillalin Ford a jihar Rhode Island, Bob Tasca, ya ga kasuwa na neman kuɓuce masa. A garejinsa aka ɗauki gindin injin 428 irin wanda ake sa wa motocin 'yan sanda, aka ɗora masa kawunan silinda na injin tsere 427, aka sa a wata Mustang da suka raɗa wa suna KR-8. Da Hot Rod ta ba da labarin motar a ƙarshen 1967, sai ta nemi masu karatu su aika wa shugabannin Ford ra'ayinsu, wasiƙu kuma suka yi ta kwarara. Kamfanin ya ji kira.

Ford ta fara da ƙera Mustang 50 musamman domin tsere. A watan Fabrairu na 1968 wasu daga cikinsu suka bayyana a gasar Winternationals da ake yi a Pomona ta jihar Kalifoniya, Al Joniec ya lashe rukunin Super Stock da ɗaya. A watan Afrilu aka fara sayar da injin ga jama'a. Girmansa lita 7 ne, wato inci kubik 428, inda sunansa ya samo asali, silinda takwas, faɗin kowace silinda inci 4.13, tafiyar fistin inci 3.98, matsin iska 10.6, kafireto na Holley mai maƙogwaro huɗu. Ford ta rubuta masa ƙarfin doki 335 a juyi 5,200 a minti. Duk wanda ya san inji ya san an rage masa daraja da gangan: ƙaramin adadi na sauƙaƙa kuɗin inshora ga matasan da ke sayen motar, yana kuma jefa ta a aji mai sauƙi a filin tsere.

Bai daɗe a kasuwa ba. Bayan 1970 aka daina yin sa, injin 429 ya gaje shi. Dokokin rage hayaƙi da tsadar inshora da ƙarancin fetur na 1973 suka rufe zamanin manyan motoci masu ƙarfi baki ɗaya. Ke nan duk wani kan silinda na asali da makanike zai riƙe a yau, a waɗancan 'yan shekaru aka zuba shi.

Lissafin da ke gaba da sufana

Hukumar NHRA, ta tseren motoci a Amurka, wadda Wally Parks ya kafa a 1951, ita ke tsara wannan tsere. A rukunin da ake kira Stock Eliminator, ana raba nauyin mota da ƙarfin dokin da hukumar ta yanka wa injinta, abin da ya fito shi ke nuna ajinta. Ajin A yana farawa daga laba 8 ga kowane doki, B daga 8.5, C daga 9, haka har ƙasa. Sannan a ƙara laba 170 na direba. Adadin dokin da ake lissafi da shi na hukuma ne, ba na kamfani ba, kuma tun tuni aka ɗaga na Cobra Jet sama da 335 ɗin da Ford ta faɗa.

A ce hukuma ta yanka wa inji doki 360, mai mota kuma yana son shiga ajin C. Sau tara na 360 shi ne 3,240, a ƙara na direba ya zama laba 3,410, kimanin kilo 1,547. Ƙasa da haka motar ba za ta wuce sikeli ba. Idan gobe aka ƙara wa injin doki biyar kacal a takarda, dole ya ɗora wa motar laba 45, wajen kilo 20, ko ya koma aji na sama ya haɗu da waɗanda suka fi shi gudu. Duk aikin da za a yi a cikin injin, da wannan lissafi a zuci ake yin sa.

Hukumar tana da takardar awo ga kowane inji: lambar da ke jikin kan silinda, girman bawul, mafi ƙarancin faɗin ɗakin ƙonewa, faɗin hanyoyin iska, tazarar fistin da saman bulo, kaurin gasket, iyakar buɗewar bawul, girman maƙogwaron kafireto. Wanda zai haɗa inji kamar tela ne da aka ba yadi ƙayyadadde aka ce ya fitar da babbar riga: ba zai ƙara ko taƙi ɗaya ba, gwanintarsa ita ce kada ko ƙyalle ya tafi a banza.

Ba dole ba ne motar ta kasance ainihin Cobra Jet daga kamfani. Waɗanda ke ɗauke da harafin R ko Q a lambar jikinsu sun yi tsada har masu tara tsofaffin motoci ba sa barin su kusa da filin tsere. Mafi yawan 'yan tsere sukan samo gangar jikin Mustang ta 1969 ko 1970 wadda ta zo da ƙaramin inji, su mayar da ita daidai da yadda kamfani ya fitar da mai 428. Doka ta yarda, muddin komai ya dace da takarda.

Bulo da ringi

Nan ne aikin ya fi zurfi, nan ne kuma mai kallo ba ya ganin komai. Bulon 428 yana da faffaɗar silinda a jikin da tun asali aka tsara wa ƙananan injina, don haka bangon silindarsa ba shi da kauri sosai. Shekaru na tsatsa daga ɓangaren ruwa sun ƙara cinye shi, kuma tun wajen zubi wani lokaci ramin kan karkace gefe guda. Shi ya sa kafin a kashe ko sisi, sai an auna kaurin bango da na'urar da ke aika sauti cikin ƙarfe, silinda bayan silinda, sama da tsakiya da ƙasa. Gefen da fistin ke jingina lokacin da wuta ta tashi shi ne abin dubawa. Idan nan ya yi siriri, bangon zai riƙa lanƙwasa a ƙarƙashin matsi, ringi ya kasa kama shi, ƙarfi ya zurare zuwa kaskon baƙin mai. Bulo da yawa masu kyan gani a nan suke faɗuwa.

Doka ta ba da damar yin borin kaɗan. Ƙarin inci 0.030 a faɗi yana kai girman injin kusan 433 a ma'aunin da aka samo sunan 428. Akwai kwaɗayin a kai borin har iyakar da aka yarda, amma a ganina a wannan bulo wanda ya bar wa bango kaurinsa ya fi wanda ya bi girma riba. Silinda madaidaiciya da ringi ya zauna mata daram ta fi faffaɗa mai numfashi ta gefe. Da yawa ma sukan cika ƙasan hanyar ruwa da wani haɗi mai taurin siminti don ya tallafi bangon. Motar ba za ta yi zaman cunkoso a titi ba, daƙiƙu kaɗan take aiki a kashe ta, don haka ragin sanyaya bai dame ta ba.

Wajen goge cikin silinda ana ɗaura wa bulon wani farantin ƙarfe mai kauri a madadin kan silinda, a ɗaure shi da irin noti da irin ƙarfin da za a ɗaure na gaske. Dalili shi ne ɗaurin noti na murɗa silinda kaɗan. Idan aka goge ta a sake, za ta zama zagayayya a kan benci, ta karkace da zarar an haɗa inji. Bayan gogewa kuma ba ido ake dogara da shi ba. Akwai 'yar na'ura mai allura da ake ja a jikin bangon, tana karanta tsayin tuddai da zurfin kwaruruwan da dutsen gogewa ya bari. Tuddan su ke cin ringi, kwaruruwan su ke riƙe mai. Manyan masu haɗa injin wannan aji kowa da adadin da yake nema, kuma ba kasafai suke faɗa wa juna ba.

Fistin dole ya zama irin wanda hukuma ta amince da shi, samansa da siffar na asali. Amma ringi na zamani siriri ne, ba ya goga bango da ƙarfi irin na 1968. Babban kaso na ƙarfin da inji ke ɓatarwa a cikin kansa a gogayyar ringi da fistin yake tafiya, saboda haka ake rage taurin ringin mai har iyakar da inji zai fara shan mai, sannan a tsaya. Idan aka wuce wurin, mai ya shiga ɗakin ƙonewa, wuta ta fara tashi ba bisa ƙa'ida ba, abin da aka samu ya tafi har da riba.

Sai matsi. Fistin ɗaya na 428 yana share kusan cc 874 a tafiyarsa. A matsin 10.6, sararin da ya rage a sama idan fistin ya kai ƙololuwa bai wuce cc 91 ba. A rage cc biyar daga wannan sarari, matsi ya haura 11. Injin da ya fito daga layin kamfani yawanci ɗakunansa sun fi na takarda faɗi, fistin kuma ya nutse ƙasa fiye da kima, saboda masana'anta na barin rara don kada a samu matsala. Makaniken tsere yakan aske saman bulo da fuskar kan silinda har kowane awo ya sauka daidai kan iyakar da hukuma ta rubuta, duka silinda takwas su zama ɗaya. Wannan ƙarfi ne da ke kwance a cikin tsarin injin tun ran farko, layin kamfani ne bai da lokacin fito da shi.

Kan silinda

Kawunan Cobra Jet na asali suna ɗauke da lambar C8OE-6090-N, bawul ɗin shigar iska inci 2.09. A sauran nau'o'in tsere, makanike zai ɗauki injin sassaƙa ya faɗaɗa hanyoyin iska ya goge su sumul. A nan haramun ne. Ƙurajen da yashin zubi ya bari dole su kasance a wurinsu.

To me ya rage? Zaɓe da kujerar bawul. Ba duk kawuna masu lamba ɗaya ne suke numfashi daidai ba, domin wajen zubi wani ya fi wani sa'a. Mai neman gaba yakan tara kawuna da dama ya ɗora kowanne a bencin auna iska, ya ware biyu mafi kyau. Sannan a zo kan kujerar bawul, ɗan zoben da faɗinsa bai fi na ƙaramar igiya ba, inda aka yarda a yanka kusurwoyi cikin iyaka. Duk iskar da injin zai sha ta wannan lungu za ta lanƙwaso. Tunda bawul ba zai buɗe da nisa ba, yadda iska ke wucewa lokacin da ya ɗan ɗaga kaɗan ya fi komai muhimmanci, kuma kusurwar kujera da faɗinta da siffar bayan bawul su ke yanke wannan hukunci. Mutum zai iya kwana da kwanaki yana sauya kusurwa da digiri ɗaya ko biyu, yana komawa benci yana dubawa.

Auna ɗakin ƙonewa aiki ne na natsuwa. A kifa kan silinda fuskarsa na kallon sama, bawul biyu a rufe da ɗan giris a bakinsu, filogi a ɗaure. A shafa giris siriri kewaye da ɗakin, a manna farantin roba mai gani-har-hanji wanda ke da ƙaramin rami a gefe. Daga dogon bututun gilas mai zane-zanen awo a riƙa sakin ruwa mai launi, yana malala a ƙarƙashin farantin, kumfar iska na gudu gabansa har ta fice ta ramin. Da ɗigon ƙarshe ya taɓa bakin rami sai a rufe famfo a karanta. Idan adadin ya gaza na takarda ko da rabin cc ne, kan ya fita daga doka. Mai hankali yakan bar 'yar rara, domin da irin wannan bututu jami'in hukuma zai zo, kuma hannunsa ba lalle ya yi daidai da naka ba.

Ba a rasa masu ha'inci. An san dabarar faɗaɗa hanyar iska da ruwan asid, ko a sassaƙe ta sannan a mayar mata da ƙuraje don ta yi kama da ta asali. Abin da ya sa hukuma ke auna faɗin hanyoyin da ruwa ke nan, ba ta tsaya ga kallo ba. Ni dai ina ganin wanda ya yi haka ya ci amanar duk wanda ya kwana a benci yana neman abu kaɗan ta halal, kuma dakatarwar da ake yi wa wanda aka kama ta dace da laifin.

Kamshaf

Doka ta kulle nisan buɗewar bawul, amma ta saki tsawon lokacin da zai zauna a buɗe. Daga wannan 'yar ƙofa masu ƙera kamshaf suka shiga. Ƙullin kamshaf na titi yana ɗaga bawul a hankali ya sauke shi a hankali. Na wannan aji yana fizge shi ya kai ƙololuwa da wuri, ya riƙe shi can, sannan ya sake shi da sauri. Nisan bai canza ba, amma iskar da ta wuce ta ƙaru. Da haka injin da Ford ta auna a juyi 5,200 yake wuce 6,500 yana ci gaba da ja.

Kuɗin wannan dabara a jikin ƙarfe ake biyan sa. Bawul da ake fizga haka yana son ya rabu da ƙullin ya yi tsalle, sai an danne shi da sifirin mai tauri ƙwarai. Tafet ɗin kuma, wato ƙarfen da ke zama a kan ƙullin kamshaf, mai shafaffen gindi ne irin na asali, ba a yarda da mai 'yar taya ba tunda kamfani bai sa shi ba. Ke nan ƙarfe na goga ƙarfe a ƙarƙashin babban nauyi, abin da ke raba su ɗan siririn mai ne kawai. Tafet dole ya riƙa juyawa a raminsa yayin aiki, in ya tsaya cak to cikin 'yan mintuna ƙullin zai cinye, garin ƙarfe ya bi mai ya shiga kowace metal. Shi ya sa ake tayar da sabon inji da sifirin mai laushi da mai mai yawan sinadarin zinc, a bar kamshaf da tafet su saba da juna, daga baya a sa sifirin na tsere. A injinan wannan dangi na Ford, rokas a kan sanda ɗaya suke jere, kuma bakin sandar na iya karyewa idan sifirin ya yi tauri, don haka ake tallafe ƙarshenta.

Wata matsalar ita ce fistin. Bawul da ya daɗe a buɗe yana nan a hanya lokacin da fistin ke isowa sama, ga shi ba a yarda a zurfafa gurbin bawul da ke kan fistin ba. Makanike yakan manna ɗan yumɓu a kan fistin, ya ɗaura kai, ya juya injin da hannu zagaye biyu, ya kwance, ya yanka yumɓun da reza ya auna kaurin inda bawul ya taɓa. Wannan kaurin shi ne iyakar kamshaf ɗin da zai iya sawa. Sau da yawa abin da benci ke so daban, abin da yumɓu ya yarda da shi daban.

Baƙin mai

Dangin injin FE, wanda 428 ke cikinsa, wanda kuma Ford ta fara yi a 1958, yana da sananniyar tawaya. A yawancinsu mai yana bi ta wajen kamshaf kafin ya isa ga manyan metal na kirankishaf, sannan yana hawa kai da yawa ya taru a ƙarƙashin murfin bawul. A juyi mai yawa sai a wayi gari mai na sama, kasko ya kusa bushewa. Maganin da aka daɗe da sani shi ne a cusa ɗan matsattsen bututu a hanyar da ke kai mai ga rokas, wasu ma da jet ɗin kafireton Holley suke yi. Ana kuma faɗaɗa hanyar da ta tashi daga famfo zuwa filta, a daidaita ramukan metal da na bulo inda suka saɓa.

A Mustang zurfin kaskon mai a gaba yake. Ka tuna kuma motar da hanci a sama take tashi. A daidai lokacin da injin ke buƙatar mai fiye da kowane lokaci, man yana gudu baya ya bar bakin famfo yana zuƙar iska. Shingaye da 'yan ƙofofi a cikin kasko su ke tsare shi, faranti a ƙarƙashin kirankishaf kuma yana hana shi dukan mai yana ɓata ƙarfi. 'Yan tsere na son mai tsinkakke da kuma rage yawansa, don duka biyun na ƙara gudu. A wannan inji rowar mai caca ce da bulon da samun irinsa sai an sha wuya.

Sauran kayan ba su da dogon labari. Kafireto na nan da girmansa, gyaransa a jet ne da yadda yake ba da fetur lokacin da aka taka totur gaba ɗaya. An yarda a sa bututun hayaƙi na tsere, kowace silinda da nata, sai dai wurin inji a Mustang ya matse har canza filogi ma aiki ne. Tayar baya ba ta wuce faɗin inci 9 ba. Mai giya otomatik yakan zaɓi konbata, wato na'urar da ke haɗa inji da giya, irin wadda ke barin inji ya hau juyi sosai kafin mota ta motsa. Idan aka auna nauyin motar da lokacin da take yi, lissafi na nuna injin na ba da doki sama da 500.

Ƙarfin da ba a son nunawa

Kowane aji yana da lokacin da hukuma ta yanka masa a matsayin ma'auni, kuma motoci masu kyau sukan yi ƙasa da shi da kusan daƙiƙa guda. Amma a yawancin zagaye, motoci daga aji daban-daban ne ke karawa. Kowa zai rubuta lokacin da yake sa ran yi a gilashin motarsa, fitilar tashi ta ba mai jinkiri damar fara tafiya gwargwadon bambancin. Wanda ya yi sauri fiye da abin da ya rubuta ya faɗi, sai fa in abokin karawarsa ya fi shi wuce nasa. A irin wannan zagaye injin da ke maimaita lokaci ɗaya sau bayan sau ya fi injin da ya fi ƙarfi amfani.

Ƙarfi na gaske yana fitowa ne idan motoci biyu 'yan aji ɗaya suka haɗu. Nan babu rangwame, tare za a tashi, wanda ya riga isa shi ya ci. A nan za ka ga an juye mai an zuba mafi tsinkewa, an cire duk nauyin da ya wuce na doka, an tula ƙanƙara a kan manifol don iskar da za ta shiga ta yi sanyi. Sai dai hukuma na da tsarin da ke bibiyar lokutan kowane irin inji. Idan masu irinsa suka riƙa wuce ma'auni da yawa, sai a ƙara masa doki a takarda, kuma ƙarin yana hawa kan duk mai irin wannan inji a faɗin ƙasar, har wanda bai taɓa yin wannan gudu ba. Saboda haka direba kan ɗaga ƙafa kafin layi, ko ya ɗora nauyi, ko ya rage wutar inji, don kada ya jawo wa kansa da 'yan uwansa ƙarin kilo. Mutum ya zuba dukiya da shekaru ya haɗa inji, sannan ya riƙa ɓoye rabin abin da ya samu. Ban ga laifin hukuma ba, don in babu wannan tsari iri ɗaya ne zai mamaye kowane aji, amma nauyin ya fi faɗawa kan mai ƙaramin ƙarfi wanda bai da kuɗin bin sahun na gaba.

Ranar kwancewa

Babbar gasar shekara ita ce U.S. Nationals, wadda ake yi a Indiyanafolis tun 1961, a ƙarshen makon hutun ma'aikata na farkon Satumba. Lashe aji a can shi ne burin mai irin wannan mota. Wanda ya yi fice, ko ya kafa tarihi a wata gasa, yana iya samun kira zuwa rumfar bincike. Shi da kansa zai kwance injinsa a gaban jami'ai: kafireto, manifol, kai guda, wani lokaci har fistin da kwanrod. A wannan inji cire manifol kaɗai aiki ne, domin na ƙarfe ne mai nauyin gaske, sandunan tura rokas ta cikinsa suke ratsawa, murfin bawul ma a kansa yake zama rabi. Za a duba lambobi, a auna faɗi da tafiyar fistin, a zuba ruwa a ɗaki da hanyoyin iska, a sa agogon awo a kan bawul a ga iyakar buɗewarsa. Wanda ya tsallake zai mayar da komai a daren ya shirya wa zagaye na gaba, shi ya sa ba a zuwa babbar gasa ba tare da gasket na ajiya ba.

Ƙarancin kaya ya sa hukumar ta buɗe jerin kayan maye da ta amince da su, har da kawunan silinda na alminiyam da kamfanin Edelbrock ke yi wa wannan dangin inji, kuma irin waɗannan kan zo da nasu adadin doki a takarda. Wasu tsofaffin 'yan tsere na ganin hakan ya rage wa ajin ma'ana. Ina fahimtar damuwarsu, amma kawunan 1968 suna tsagewa, kujerunsu na nutsewa bayan yanka da yawa, ba kuma za a sake zuba su ba. Mai haɗa 428 a yau dole ya zauna da alƙalami tun kafin ya sayi komai: kan ƙarfe na asali da adadin dokinsa, ko na alminiyam da nasa adadin, ya buga kowanne da laban ajin da yake so, ya ga wanne ne motarsa za ta iya kaiwa a sikeli. Idan ya zaɓi na asali, gara ya fara neman na ajiya tun yanzu, ya kuma gwada kowanne da matsin ruwa kafin ya biya, domin tsagar da ke tsakanin kujerun bawul ba kullum ido ke ganin ta ba.